Murmushin Da Ba Nata Ba

Ita dai in ta zauna zanen fuska bayan ta taso daga aiki, baki take bari sai ƙarshe. Takan ƙyale mutum ya yi ta hira har fuskarsa ta saki, sannan ta kama abin da ya fito. Haka ta yi wa maƙwabcinsu kafinta, wanda matarsa ta rasu bara, yau kuma ya zo mata da maganar aure.

Yana zaune a kan kujerar da ya ƙera mata, yana ta jero alkawura: zai gyara ɗaki, zai yi mata teburin zane kusa da taga. Idanu sun fito a takarda, goshi ya fito, amma wurin baki fari fat.

"Marigayiya ma kusa da taga take son zama," ya ce. "Har faɗa muke yi a kan labule."

Sai ga murmushin, har kumatunsa suka lotsa. Hannunta ya gama aikinsa kafin zuciyarta ta hana shi.

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. "Ashe har yanzu ina irin wannan fara'a? To, me kika ce?"

"Ka yi haƙuri, Malam. Na daɗe ina jiran murmushin nan, kuma da ya zo, ba wurina ya zo ba."

Ya miƙe ya yi mata sallama. Da ya fita, ta ɗauki sabuwar takarda, ta zauna tana fuskantar kujerar da ba kowa a kai.