Takardar Jinin Meshak

Ranar Litinin, 14 ga Yuli, 1997, gari ya waye da yayyafi a Kafanchan, hadari ya rufe duwatsun Kagoro. Malama Regina ta buɗe ɗakin gwajin jini da ƙarfe bakwai da rabi, kamar yadda ta saba shekara ashirin da biyu. Ita kaɗai ce mai gwaji a ƙaramin asibitin mishan ɗin.

A gado na uku Tamar ke kwance, 'yar shekara biyar, idanunta sun yi rawaya, gwiwoyinta a kumbure. Sikila ce. Karo na huɗu ke nan da aka kwantar da ita tun Ista. Uwarta, Emilia, tana zaune a ƙasa tana fifita kunun da yarinyar ta ƙi sha.

Duk garin an san labarin Emilia. Faston cocinsu ya binne 'ya'yansa biyu saboda wannan ciwo, don haka ba ya ɗaura aure sai an kawo takardar jini. Tata ta nuna AS, ta angonta Meshak ta nuna AA, aka yi biki. Da Tamar ta kai shekara uku, gwaji ya nuna SS. Dattawan coci suka ajiye takardun uku a kan tebur. Mai AA ba ya haifar SS, wannan ko ɗan sakandare ya sani. Aka ce 'yar ba ta Meshak ba ce, aka sa Emilia a horo, aka mayar da ita bencin baya, aka hana ta jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki a coci. Meshak ya nemi canjin aiki zuwa Kaduna, bai sake waiwayo ba.

Regina a layin gaba take zama tare da Zumuntar Mata. Shekara biyu ba ta juya ta dubi bencin baya ba.

A makon nan wani likita mai bincike, Dokta Nuru, ya zo daga jami'a da akwatin ƙanƙara, yana tara jinin iyalai masu sikila don a aika ƙasar waje. Ya yi wa Regina bayani cewa masana na can suna karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya, kuma an daɗe da gano daidai inda ɓarakar sikila take.

"Yaushe za a iya gyarawa?" in ji ta.

"Shekara talatin, in an yi sa'a." Ya dubi gado na uku, ya rage murya. "Wannan kam da wuya ta ga Kirsimeti."

Ya jawo fayil ɗin yarinyar, ya tsaya a kan takardar uban. Ya ce shi ba ya yarda da tsohuwar takarda, jini yake so. Na'urorinsu ba sa wasa, za su faɗi irin jinin mutum, su faɗi ko shi ne uba. Ya tambayi inda aka yi gwajin.

"A nan," Regina ta ce, tana jera kwalabe.

Da ta je ɗibar jinin Tamar, Emilia ta kama gefen rigarta. "Mama, ki yi ma baban Tamar magana mana. Ke ne kawai zai ji. Yarinyan nan kullum Baba, Baba. Allah ya sani ni ban san wani namiji ba."

"Na sani," in ji Regina.

"Ke ɗaya ne ba ki taɓa zagina ba, Mama."

Allurar ta kuskure jijiyar. Sai a karo na uku ta samu.

Da rana ta kulle ɗakin gwajin, ta zauna da biro. Ta san abin da za ta rasa: aikinta, kujerarta a coci, da muryar Meshak da ba za ta ƙara ji a ƙofar gidanta ba. Ta kuma san Meshak zai iya isowa a makare. Sau uku tana yaga takarda.

Ƙarfe uku saura ta isa gidan waya, zaninta a jiƙe. Ta manna kan sarki, ta tura ambulan ɗin cikin akwati, ta ji faɗuwarsa. Layi biyu ne kacal a ciki: "Meshak ɗana, Tamar 'yarka ce. Jininka AS ne, ni uwarka na rubuta AA da hannuna don kada Fasto ya hana ka matar da kake so."