Rijiyar Kakan Sallau

Tun da aka kafa dokar rushe duk abin da na'urar gwamnati ba ta san tarihinsa ba, hankalin Baba Nomau marini bai kwanta ba. Yau ga motar rusau a bakin marinarsa.

"Baba, na'ura ta ce babu komai a nan kafin zuwan Turawa," in ji Sallau, jami'in da ya zo da motar.

Nomau ya dafa rijiyar rini da shuɗin hannunsa, ya jero waɗanda suka gaje ta, har kan wanda ya haƙa.

"Tanko Dogo. Kakan kakanka ne."

Sallau ya duba na'urar, ba sunan. Direba ya tayar da inji, yana jiran umarninsa.

"Baba," in ji Sallau, yana ɗaga wa direba hannu ya dakata, "sake faɗa mini sunan."