Guntun Allin Yaya Ladi

Ina ɗan shekara takwas Yaya Ladi ta dawo daga sakandare da guntun alli a aljihu. Washegari za ta tsaya gaban 'yan ajinsu ta gwada koyarwa, don malanta take so, amma tsoro ya hana ta cin abinci.

Ta kifa turmi a tsakar gidanmu na Unguwar Shanu, ta zaunar da ni, ta mai da ƙyauren kicin allo. Muryarta na rawa.

Na ce, "Yaya, ni fa gareji Baba zai kai ni."

Ta ce, "To, bakanike ba shi da suna ne? Miƙo hannunka."

Ta riƙe yatsuna, muka yi ta jan harafin farko na sunana. Kafin la'asar muryarta ta daina rawa. Ta shafa mini alli a goshi tana dariya. "Kai ne ɗalibina na farko. Saura haruffa huɗu, kada ka ba ni kunya."

Shekara arba'in haruffan nan suna jirana. Makon jiya, a ajin yaƙi da jahilci, na cika su. Da na kai mata takardar, sai ta ɗauko jan biron da take duba aikin ɗalibanta da shi, ta ba ni maki.