Kitsen Mahauci

"Ƙwayar cutar hanta ta daɗe a jikinsa, har ta jawo masa ciwon daji," in ji likita, tana juyo mana da hoton cikinsa. "Irin wannan ƙari da ya fito masa, kitsen jiki yake zuƙa ya girma, shi kuma mai shi yana ta ramewa."

Na kalli maigidana. Mahauci ne. Tun da ya fara rama nake sa shi ware mana kitse mafi kyau daga teburinsa. In soya, in tsaya a kansa ina faɗa har sai ya share kwano, yana yamutsa fuska. Da cikinsa ya taso, har alfahari na yi wa maƙwabta: "Ku ga aikin hannuna, mutum ya ajiye tumbi!"

"Ba girkinki ne ya jawo ba, Baba," in ji likita.

A bencin waje muka zauna, kular abincin tana kan cinyata da ɗuminta. Na kasa buɗewa. Shi ya buɗe, ya dafa cikinsa, ya yi murmushi.

"Zuba mana, uwargida. Ko ni na ƙoshi, baƙon yana jira."