Sittin da Biyar

Sittin da biyar. Lambar da ke kusurwar allon kwamfutar ke nan, kuma ta ƙi ko motsi.

Muhyiddeen ya kashe wasan ya sake kunnawa, karo na tara tun bayan azahar. Allon nasa ba na yara ba ne, an ƙera shi ne ya watso hoto sama da ɗari da hamsin a kowane sakan, don mai wasan harbi ya ga abokin gaba kafin abokin gaba ya gan shi. Amma kwana uku ke nan lambar da ke ƙirga hotunan ta kafe a sittin da biyar kamar jakin da ya ga ruwa.

Ƙarfe huɗu da rabi za a yi gwajin. Saifuddeen, shugaban ƙungiyar 'yan wasan da ke Kano, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: gurbi ɗaya ne, su biyu ke nema, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Shi kuma mahaifinsa, Malam Maikano, ya riga ya yanke tasa maganar daga garinsu Darki. Idan kaka ta yi wannan wasa bai zama sana'a ba, fartanya na nan a rataye tana jiran mai ita. Ga shi dawa ta fara ja.

Babu abin da bai taɓa ba. Ya kashe V-Sync, maɓallin nan da ke ɗaure wasa da igiya. Ya cire iyakar da wasan kan sa wa kansa. Ya goge manhajar katin hoto ya sauko da sabuwa, da ta ƙi ya koma tsohuwa. Ya zare kebul ɗin HDMI ya soka na DisplayPort, ya hure ramin da baki kamar mai hura wuta. Masu ba da shawara a intanet sun san matsalar sittin, sun san ta talatin, amma ko mutum ɗaya bai taɓa jin sittin da biyar ba. Wani ma dariya ya yi masa.

Kuma ba lambar ce kaɗai ba. Da ya shiga filin wasan don ya gwada, sai kawai ya ga mutuminsa na cikin wasan ya kife, bai ga wanda ya harbe shi ba. Shi da a da ko inuwa ba ta gilma masa a banza. Lissafin a wurinsa a fili yake: hoton da maharbin ya shigo a cikinsa, allon ne ya haɗiye.

Zuciyarsa ta koma kan ranar Juma'a. Yana dawowa da allon daga gidan abokinsa, a bayan babur, shanun da aka koro daga kara, kasuwar dabbobi, suka yanko titi. Mai babur ya taka birki, suka zube. Muhyiddeen ya ƙanƙame allon a ƙirji, ya bar ƙeyarsa ta gaisa da kwalta. Ya miƙe yana dariya, yana nuna wa jama'a cewa ko ƙwarzane gilashin bai yi ba. Yanzu kam ya tabbata wani abu ya girgiza a cikinsa.

Ya tashi ya aro allon maƙwabcinsu Halliru. Wajen shigowa kafaɗarsa ta bugi ƙyauren ɗaki, ya tsine wa kafintan da ya sa shi. Ya jona, ya kunna. Allon Halliru tsoho ne, sittin ya nuna, wannan kuwa iyakar ƙarfinsa ke nan. Babu abin da ya ƙaru da shi sai ɓata minti ashirin. Ya mayar da nasa, ya haɗiyi ƙwayar ciwon kai biyu babu ruwa, don kofin furar da yayarsa ta ce ta ajiye masa a kan tebur tun safe, shi dai bai ga alamarsa ba.

Ya yi la'asar a gurguje, Allah ya yafe masa, rabin hankalinsa na kan kebul. Ƙarfe huɗu da kwata saƙon Saifuddeen ya shigo: ka shirya? Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Shekara uku yana zaune a gidan Yaya Juwairiyya a Wudil yana cin tuwonta, yana shan wutar solarta, yana ce wa kowa ku dai ku jira. Sai ga hawaye.

"Auta, kuka kake yi?"

Ya zabura, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Yaya Juwairiyya ce, ko farin kayanta na aikin jinya ba ta cire ba.

"Yaushe kika shigo?"

"Na fi minti biyar a gefenka. Na ɗauka share ni kake yi."

"Yaya, na shiga uku. Dubi lambar can. Ta maƙale a sittin da biyar."

Ta sunkuya ta duba. "Ɗari da sittin da biyar dai."

"Don Allah ba lokacin wasa ba ne."

Ta dubi kofin furar da ke dab da gwiwar hannunsa ta hagu, cike yadda ta kawo shi. Ta riƙe haɓarsa ta saita fuskarsa gaba, sannan ta buɗe yatsunta biyar a gefen idonsa na hagu, kusa har suna neman taɓa kumatunsa.

"Kar ka juya. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya jira, idanunsa biyu a buɗe tar.

"To ki ɗaga mana, Yaya, lokaci yana tafiya."