Man da Ba Shi da Wari

Arzika mai fetur ne a Lolo. Tun yana saurayi yake ɗaukar jarkoki zuwa iyakar Benin, kuma ba ya da kayan aikin da ya wuce hancinsa. Ya sunsuna bakin jarka ya ce maka an haɗa da kananzir, kuma haka ne.

Shekarun nan kasuwar ta yi tsami. Mai ya yi tsada, shingaye sun yi yawa a hanya. Ana cikin haka 'yarsa Saratu, wadda ke bincike a jami'a, ta zo gida da kayan aikinta, don ta ce ranar garinsu ta fi ta ko'ina zafi.

Ta ajiye faranti na gilashi a tsakar gida, ta zuba ruwa, ta barbaɗa wani gari. Rana na dukan ruwan sai ga 'yan kumfa suna tasowa.

"Mi na na?" Arzika ya tambaya.

"Baba, garin nan ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido. In rana ta taɓa shi, sai ya raba ruwa gida biyu, ya koma iska iri biyu. Iska ɗaya sunanta haidurojin, tana ci da wuta, har inji ana tayarwa da ita."

Arzika ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi.

"Ke ɗiyata! Ruwa ya koma mai? Ga kogin Kwara nan kwance, ga rana kyauta! Wa ka tsare ni ga hanya ya ce in biya kuɗin rana?"

Ya zagaya farantin yana tafa hannu. Ya leƙa waje ya kira maƙwabta su zo su ga ikon Allah.

Saratu ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. "Baba, aikin bai nuna ba tukuna. Iska biyu ke fita tare, kuma ta biyun ita ke hura wutar ta farkon. In aka tara su wuri guda aka rufe, ƙyas ɗin ashana ya isa. Shi ya sa na bar shi buɗe. Don Allah kar ka taɓa."

"Ni za ki koya ma wuta? Ke ba a haife ki ba ina kwana da fetur."

Washegari ta tafi Bagudo gaida gwaggonta, za ta yi 'yan kwanaki. Arzika bai jira ba. Ya ɗauko ƙatuwar kwalbar gilashin nan da ake sayar da fetur a ciki a Benin, ya zuba ruwa rabi, ya juye garin Saratu kaf, ya toshe baki da roba, ya ɗora a kan rufin kwano. Kullum yana hawa yana kallon kumfa, yana lissafin kwale-kwale da injinan ban ruwan da za su dawo hannunsa.

Ranar kasuwar Lolo ya ɗaure kwalbar a bayan babur. Kafin ya sauke ta, labari ya riga shi. Manoman shinkafa, 'yan acaba, mutanen hayin ruwa masu jin Dandanci, duk suka yi masa zobe.

"Ku matso! Man rana! Daga yau ba mai bin layi!"

Ɗanliti, abokin hamayyarsa a sana'ar, ya kutso gaba yana murmushi. "Arzika, tsufa ya kai ka ga saida ruwan rijiya?"

Arzika ya sassauta robar. Iska ta yi fuss.

"Kun jiya?"

"Ko kunu ya kwana shina yin haka," in ji Ɗanliti. Kasuwa ta fashe da dariya.

Arzika ya kai hanci bakin kwalbar. Ya ja, ya sake ja. Babu wari ko kaɗan. A iya saninsa, abin da ba ya wari ba ya da ƙarfi. Mutumin da bai taɓa yarda a sha taba kusa da jarkarsa ba, shi ne ya ce a miƙo masa ashana. Fatansa kawai ya samu ɗan harshen wuta da zai rufe bakin Ɗanliti. Hasken rana ya yi yawa, don haka ya sunkuya sosai don ya gani.

Ya ƙyasta.

Ƙarar ta kai har bakin ruwa. Kwalbar ta tarwatse. Mutane suka watse suna salati, wasu da yanka a hannu da ƙafa. Arzika na zaune a ƙasa, tafin hannu biyu a fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa.

Ɗanliti ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Likitoci suka yi iya yinsu. Idon dama ya tafi, na hagu ba ya ganin komai sai inuwa.

Da Saratu ta iso, ya laluba ya riƙe hannunta.

"Na sunsuna, ɗiyata. Wallahi ba shi wari."

"Iskar nan ba ta da wari, Baba. Ba ta da launi. Da ka tambaye ni."

An sayar da babur. Yanzu sai an ja masa sanda zuwa masallaci.

Jama'a, ilimin bai yi laifi ba, kuma wata rana zai amfane mu. Amma ƙwarewa a tsohuwar sana'a ba ta sa mutum ya san sabon abu. In wanda ya sani ya ce kar ka taɓa, ka cire hannunka ka tambaya, ko da ɗan cikinka ne.