Awon Awarwaro

Ranar Asabar aka rufe ajin koyon haɗa kayan ado da yumɓun roba, a wani ɗakin bene da ke kasuwar Souq Waqif. A ƙasa 'yan kallon Kofin Duniya na ta ihu. Barira, ma'aikaciyar jinya, tana zaune kusa da Ɗalhatu, injiniyan da ta daɗe tana jiran ya yi mata maganar aure. Shi ya gayyato ta.

Malamar ajin ta ce kowa ya gwada abin da ya murza, domin in ya gasu ba ya gyaruwa.

"Kawo hannunki," in ji Ɗalhatu.

Ya zura mata shuɗin awarwaro, bai dubi fuskarta ba.

"Cif-cif! Dama na ce hannunku ɗaya da Haulatu."

Haulatu ƙawarta ce, ɗakinsu ɗaya.

"Nata ne?"

"An sa mana rana. Kunya ta hana ta gaya miki. Cire a hankali, kada ki bar shatin yatsa."

Barira ta cire. Ta danna babban yatsanta ta ciki, inda zai riƙa gogar fatar amarya, har ya lotsa. Sannan ta miƙa wa malamar, aka sa a tanderu.